Bayan ɓallewar Alau: ruwan da muke sha, da masan da suka tumbatsa

Ɗan Gwange:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu sani nake nema, ba masu zagin gwamnati kaɗai ba. Tun da madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, maganar gidaje ake yi, da gadoji, da asarar 'yan kasuwar Monday. Ban ji ana tattauna ruwan da muke zubawa a cikinmu ba. A layinmu duk wani burtsatse sai da ruwa ya haye kansa, kuma ruwan da ya haye shi shi ne dai ya bi ta masai da kwata da juji. Ruwa ya janye, an gyara sumo, kowa ya koma sha kamar ba a yi komai ba. Ruwan nan lafiyarsa lau? In kuma wata damina ta zo da irin waccan, me muka canza?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Ɗan Gwange ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Mu da muka koma gida, tsakar gidan nan laka ce baƙa har ƙwauri, murfin masai ya ɗage ya koma bakin ƙofar ɗaki, ramin kuma ya cika fal har yana tafasa in rana ta buɗe. Randata tana nan inda na barta, amma da na leƙa ciki sai na fasa ta kawai, zuciyata ba ta ɗauka ba. Abin da ya fi ba ni tsoro yara. Ka hana yaro taɓa ƙasa a gidansu? A makarantar da muka fake kuwa, mata sai dare muke iya zagawa, layin ban-ɗaki ya fi layin abinci tsawo. Masu moya kuma, wato masu tallan ruwa, kuɗin jarka ya tashi, ba ka ma san inda suka ɗebo ba.

Alhaji Na-Kasuwa:
Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Amma tun kafin a fara, ina roƙon kada wani ya zo mana da zancen sauyin yanayi. Sakaci ne, a kira shi da sunansa. Wannan madatsar a 1994 ma ta yi mana haka, ina da wayona, na gani da idona. Shekara 30 cur tsakani. A 1994 ma sauyin yanayin ne? Duk wanda bai yi aikinsa ba sai ya ɗaga kai ya nuna sama.

Ɗalibin Jogurafi:
Ranka ya daɗe Alhaji, da girmamawa, ba a Maiduguri kaɗai aka yi ruwan 2024 ba. Nijar, Chadi, Kamaru, Sudan, duk sun sha shi a watanni guda. Ba madatsar Alau ce ta cinye Njamena ba. Masu binciken World Weather Attribution sun fitar da rahoto a Oktoban shekarar, suka ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan da aka yi a yankin kogin Kwara da tafkin Chadi ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari. Akwai kuma binciken da aka wallafa a 2017 da ya nuna manyan guguwar ruwa a Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Dalilin ba boyayye ba ne: duk digiri 1 da iska ta ƙara zafi, tana iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari. In ta tashi saki, ruwan wata guda sai ya sauka a dare ɗaya.

Alhaji Na-Kasuwa:
Yaro, kashi 5 zuwa 20 ka ce. To sauran 80 ɗin na waye?

Ɗalibin Jogurafi:
Ba haka lissafin yake ba Alhaji, amma na ji inda ka dosa.

Baba Injiniya:
Ku biyun nan kuna jan igiya guda ne, kowa ya riƙe bakinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan ya yi yawa, gaskiya ne. Madatsar ta tsufa ba ta samu kulawar da ta kamata ba, shi ma gaskiya ne. Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da tsawo, tsufa ne.

An gina Alau a kan kogin Ngadda tsakanin 1984 da 1986, an tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 112. Ku lura da shekarun. Lokacin ƙasar nan tana fitowa daga farin 1973 ta faɗa na 1984. Duk wanda ya zana madatsa ko kwalbati ko magudana a wancan zamani, da lissafin ruwan shekarun baya ya yi aiki, kuma tunaninsa yadda zai tara ruwa ne, ba yadda zai rabu da shi ba. Garin ma ba wannan ba ne. Rikicin Boko Haram ya turo dubban ɗaruruwan mutane cikin Maiduguri da Jere, aka yi gini a fadama, aka yi gini a hanyar ruwa, laka kuma tana taruwa a cikin madatsar shekara da shekaru tana rage mata ciki.

Amma tambayar Ɗan Gwange ta fi wannan gardamar muhimmanci. Matatar ruwan Maiduguri daga Alau take sha. Da madatsar ta fashe, ruwan da aka tara ya tafi. Wato a mako guda gari ya nutse, bayan nan kuma famfo ya rasa inda zai jawo. Ambaliya da ƙishirwa daga rami ɗaya suka fito. Da famfo ya ɗauke, ina mutane suka koma? Burtsatsen unguwa da mai moya. Su ne kuma ambaliyar ta fi gurɓatawa. Nan matsalar take.

Ɗan Gwange:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To burtsatse ba daga can ƙasa yake jawowa ba? Ta ina ƙazanta za ta kai can?

Baba Injiniya:
Ɗana, wane ƙasan? A nan yankin Chadi ruwan ƙarƙashin ƙasa hawa uku ne. Akwai na sama, akwai na tsakiya, akwai na can ƙasa wanda sai ka wuce mita 500. Na tsakiya da na ƙasa yumɓu mai kauri ya rufe su, shi ya sa a da in aka huda su ruwa da kansa yake tsartuwa sama ba inji, kuma ƙazantar sama ba ta isa gare su. Amma wa ke da kuɗin haƙa wannan a gidansa? Yawancin na unguwa a hawan sama suke, wanda ruwan sama ke ciyarwa, kuma masai da sokawe ma a nan suke zubewa. Sannan ba lallai ƙazanta ta bi ta ƙasa ba. Ta bakin bututu take shiga, ko ta gefensa, in ba a zuba siminti an toshe tsakanin bututu da ramin ba. Je ka duba naku. In ka ga bakin bututun daidai yake da ƙasa, an rufe da tsumma ko leda da guntun bulo, to ka samu amsarka.

Mai Haƙar Burtsatse:
Baba, ina jin maganar nan tana zuwa kanmu, gara in yi magana. Mu ba mu ƙi zuba siminti ba. Ka gaya wa mai gida kuɗin aiki cikakke, da siminti da tsakuwa da daɓe da ɗaga bututu sama, sai ya ce wane ya ce zai yi masa da rabin haka. Ka ƙi, aiki ya tafi wurin wane. Sannan ka shiga gida fili ƙafa 50 da 50, ɗakuna sun cinye ko'ina, wuri ɗaya ya rage, kuma taku biyar ne zuwa sokawen maƙwabci. An ce a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A Gwange ko Bulabulin ina za ka samo mita 30? Ka auna ta gabas ka faɗa masan wani, ka auna ta yamma ka faɗa na wani.

Maman Ummi:
Wallahi gaskiyarsa. Namu da na maƙwabta katanga ce kawai tsakani.

Baba Injiniya:
Ban zarge ka ba, Malam. Abin da ka faɗa shi ne hujjata. A unguwa mai cunkoso, burtsatse a kowane gida da masai a kowane gida ba za su zauna lafiya ba, ko da ambaliya ko babu. Ambaliya tana gaggauta abin ne kawai. Gari irin wannan ruwan famfo yake buƙata daga wuri mai tsabta, da kulorin a cikinsa har ya iso gida. Burtsatse ko wane gida alama ce ta cewa famfo ya gaza, ba ci gaba ba ne.

Alhaji Na-Kasuwa:
To kun dawo maganata. Wa ya hana famfo zuwa? Gajimare?

Anti Nas:
Ku bar ni in shigo kafin ku cinye juna. Ni abin da na gani a wurin aiki zan faɗa. Ba a cika wata guda da ambaliyar ba, farkon Oktoba, gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Ba wanda ya yi mamaki a cikinmu, jiranta muke. Mai kwalara in an kawo shi a makare, ido ya faɗa, ka ja fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma ba, gudawar kuma fara ce tsululu. Babba mai ƙarfi yana iya tafiya cikin sa'o'i. A 2021 ƙasar nan ta samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma arewa ce ta fi shan wuya.

Maman Ummi, yayata, ga abin da za ki riƙe. Ruwa mai haske ba shi ne mai tsabta ba, ƙwayar cutar ba ta da launi ba ta da wari. In ruwan ya yi gurɓi, ki bari ya kwanta ko ki sa alif, ki tace da ƙyalle mai tsabta, sannan ki sa ƙwayar kulorin irin su Aquatabs gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardar, ki jira minti 30. Kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, shi ya sa tacewa take gaba. In babu ƙwayar, a tafasa har ya yi ta ɓulɓula. Sannan inda aka fi yin asara: a tace ruwa tsaf a zuba a randa, yaro ya zo da moɗa da hannunsa ya tsoma. Jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi. In gudawa ta fara, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a fara ba shi ana kan hanyar asibiti. Kada a tsaya jiran gari ya waye.

Maman Ummi:
Na gode ƙanwata, Allah ya biya. Tafasawar ce dai, gawayi ya yi tsada, gidan mutum goma sha ka tafasa na sha kullum ba wasa ba ne. Kuma maigidan ya ce warin kulorin yana hana shi shan ruwa.

Anti Nas:
Ki ce masa warin shi ne shaidar yana aiki. In an bar shi ya ɗan jima yana raguwa.

Sabon Ango:
Mu dai fiya wata muke sha, hankali kwance.

Mai Haƙar Burtsatse:
Ango, wasu masu fiya watan ni na haƙa musu. Akwai masu tacewa da gaske, akwai kuma waɗanda ba zan ce komai ba. Kuma ledar da ka jefar ita ce za ta toshe kwatar ƙofar gidanka a watan Agusta.

Bahaɗeje:
Salamu alaikum mutanen Borno, Allah ya mayar da alheri. Mu a Haɗeja ambaliya ba baƙuwa ba ce, ta 2022 ma ta yi mana ɓarna ƙwarai. Namu ruwan daga Kano yake gangarowa ta madatsun Tiga da Challawa, ya iso ya tarar da ciyawar kachala ta toshe kogi, sai ya fantsama gonaki da ƙauyuka. Abin da nake so in ƙara a kan masai ne. A Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina ba-haya a fili. An yi aiki, ba ƙarya, ƙauye-ƙauye aka bi. Amma masan talaka rami ne a ƙasa mai yashi, an ɗora itace an yaɓe da ƙasa. Ruwa ya kwana biyu a kai, ya rufta. Mutumin da gidansa ya faɗi, hatsinsa ya tafi, masai ne zai fara ginawa? Daji zai koma. Ana ƙirga masai ranar da aka gina, ba a dawowa a ƙirga bayan damina.

Baba Injiniya:
Wannan magana taka ta fi duk abin da na faɗa. A wurin da ruwa ke kwanciya, ramin ba zurfi yake so ba. A ɗaure cikinsa da bulo, a ɗaga bakinsa sama da inda ruwa ya saba kaiwa, a yi masa murfi mai kamawa, kuma ƙasan ramin ya bar aƙalla mita 1 da rabi kafin ya taɓa ruwan ƙasa. Sannan a kwashe shi kafin damina, ba bayan ya cika ba. Masai rabin ciki in ruwa ya zo ba daidai yake da cikakke ba.

Bakano a Legas:
A kwashe a kai ina, Baba? A Kano muna da masu wannan sana'a, 'yan gidan kowa da akwai, da daddare suke aiki da bokiti da guga, ba safar hannu ba takalmi. Mutane na toshe hanci in sun wuce, alhali ba don su ba da gari bai zaunu ba. Amma abin da suka kwasa, in babu wurin da aka tanada, a kududdufi ko bayan gari zai ƙare, ruwan farko ya dawo mana da shi. A 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsabta, aka sa 2025 a matsayin shekarar daina ba-haya a fili, ƙididdigar 2021 ta ce kusan mutum miliyan 48 ne ke yi. Yanzu an ɗaga wa'adin zuwa 2030. Kowa maganar gina ban-ɗaki yake, ba mai maganar inda kashin zai je.

Malam Na-Tsangaya:
Jama'a mu riƙa tunawa ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi inda ya so.

Alhaji Na-Kasuwa:
Allah gafarta Malam, ba mu musa ba. Amma ba shi ya ce a zuba shara a kwata ba.

Malam Na-Tsangaya:
Ai ban gama ba Alhaji, hannuna ne ya taɓa. Cewa zan yi addini da kansa ya hana yin ba-haya a hanya da inuwa da mashayar mutane, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Mu masu tsangaya ma da laifinmu. Almajirai da yawa, ban-ɗaki ɗaya ko babu. In masu hali za su gina mana masai kamar yadda suke rige-rigen gina masallaci, da an rage.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu a Damagaram ƙishirwa muka gada, garin a kan dutse yake, ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, lokacin zafi mata da yara da bido-bido, wato jarkoki, suke kwana a layi. Sai ga 2024 ruwa ya zo har tsohon masallacin Birni, na ƙasa, wanda ya haura shekara 150, ya rushe a farkon Satumba. A faɗin ƙasa sama da mutum 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa. Abin da na lura, shekara guda muna kukan babu, muna kukan ya yi yawa, kuma wanda ya yi yawan ba ya tsayawa, gudu yake ya tafi da ƙasa. Watan Afrilu kuma mu koma layi.

Ɗalibin Jogurafi:
Wannan shi ne abin da nake ƙoƙarin faɗa wa Alhaji. Ba yawan ruwa kaɗai ba ne, rashin tabbas ne. A 2018 madatsar Goronyo da Sakkwato ke sha ta sauka zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari na cikinta. Tsarin da aka gina a kan cewa damina za ta zo daidai ta tafi daidai, shi ne yake karyewa ta kowane ɓangare.

Alhaji Na-Kasuwa:
Na ji. Amma ni tsorona ɗaya: kalmar nan ta sauyin yanayi ta zama bargon da ma'aikaci zai lulluɓa. A farkon 2025 an amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Madalla. Wa zai bi ya ga an yi? In an gama, wa zai riƙa duba ta duk shekara, ya kwashe laka, ya gwada ƙofofin? Gini muna iyawa, a yanka kyalle a ɗauki hoto. Kulawa ce ba ta da hoto.

Baba Injiniya:
A nan ba ni da ja, Alhaji. Zan ma ƙara maka. Ko an gyara madatsar, gari ba zai dogara da tushe ɗaya ba kuma. Ana buƙatar manyan burtsatse masu zurfi a tudu, da sola, waɗanda za a iya haɗawa da bututun gari ranar da matata ta tsaya. Kun manta a 2021 da aka sare turakun wuta aka bar Maiduguri cikin duhu wata da watanni? Ruwa bai gudu ba a lokacin, wutar turo shi ce babu. Injinan matata da allunan wutarsu a ɗaga su sama. A ajiye kulorin da alif na watanni kafin damina, don ranar da hanya ta yanke ba mota. Hukumar yanayi ta NiMet da hukumar lura da koguna ta NIHSA kowace shekara suna fitar da hasashen damina da na ambaliya tun kafin ruwa ya sauka. Amfaninsa shi ne wani a ofis ya karanta ya ɗauki mataki, ba a yi taro a watse ba.

Sabon Ango:
Baba duk wannan kuɗi ne, kuma mutane ba sa biyan kuɗin ruwa.

Maman Ummi:
Wa ya ce ba ma biya? Abin da nake ba mai moya a wata, ka tambayi mai famfo a GRA ko yana biyan rabinsa. A kawo ruwan a gani in ba mu biya ba.

Admin:
Jama'a a ci gaba, amma wanda ya turo hoton ɗan takara na goge. Ba wurinsa ba ne.

Ɗan Gwange:
Na gode kowa. Baba Injiniya, manyan ayyukan nan ba a hannunmu suke ba. Burtsatsen layinmu fa, me za mu yi masa yanzu? Na je na duba kamar yadda ka ce. Bakin bututun a ƙasa yake, an kifa masa tsohon kwano.

Baba Injiniya:
To. A fara zuƙe ruwan har ya fito garau. A narka kulorin mai ƙarfi a zuba a ciki, a bar shi ya kwana, kada kowa ya sha, washegari a yi ta zuƙewa har warin ya tafi. A wanke tankin sama ma, mutane suna mantawa da shi. A ƙara wa bututun tsawo ya wuce alamar da ruwa ya bari a bango, a sa masa murfi na gaske, a yi daɓen siminti kewaye mai gangara waje. Bayan nan a kai ruwan a gwada. In gwaji ya nuna har yanzu da ƙazanta, to daga ƙasa take shigowa, wannan na wanki ne da wanka kawai, na sha sai an sa magani kullum. Awon kulorin ɗin kuma kada ku yi da ka, ya danganta da zurfi da faɗin bututu, ku nemi wanda ya sani.

Mai Haƙar Burtsatse:
Ni zan iya zuwa Asabar in auna, ba sai an biya ni ba. Siminti da bututu dai ku tanada.

Ɗan Gwange:
Allah ya saka. Zan zaga gida-gida a yi karo-karo. Matsalar mai gidan da burtsatsen yake ƙofarsa ya ce shi ya haƙa da kuɗinsa, ba wanda zai taɓa masa.

Maman Ummi:
Ku tura masa liman. Ko ku bar ni da matarsa.

Alhaji Na-Kasuwa:
Buhu biyu na siminti a kaina, a aiko yaro shago. Amma a rubuta a ajiye, ni har yanzu sakaci na ce.